Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu shirye-shiryen waƙa da shafukan nishaɗi: ku dawo mana da sharhin gambarar zamani

Assalamu alaikum.

Zuwa ga editocin shafukan nishaɗi, da masu gabatar da shirye-shiryen waƙa a gidajen rediyo da talabijin na Hausa, da masu manyan shafuka a Facebook da Instagram da TikTok da YouTube, waɗanda dubban matasa ke jiran su ji ta bakinsu kafin su kunna sabuwar waƙa. Ina gaishe ku da aiki, manya ranku ya daɗe, sa'o'ina da ƙannena kuma barkanku da ƙoƙari. Allah ya ƙara rufa asiri.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Zariya, adabin baka nake koyarwa. Tun ina ɗalibi nake bin hip hop, wadda wasunku ke kira gambarar zamani, sunan da nake so ƙwarai domin yana tuna mana cewa saurin baki da habaici da jera kalmomi masu amo ɗaya sun daɗe a kasuwanninmu. Na rubuto wannan wasiƙa da yawun mutane iri biyu. Akwai 'yan majalisarmu, mu kamar goma, da muke haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar a shagon wani ƙaninmu mai cajin waya da tura waƙoƙi a memori. A cikinmu akwai tela, da mai adaidaita sahu, da ma'aikacin asibiti, da ɗalibai biyu. Mukan sa waƙa ɗaya mu maimaita ta sau uku, sau huɗu, mu yi ta musu a kan baiti guda har a kira magariba. Sannan akwai yaran da suka bi ta ajina suka shiga situdiyo, waɗanda suka fara rubuta baitoci a bayan littafin lissafi, suke jiran wani babba ya saurare su ya ce nan kun yi daidai, nan kuma ku sake.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani gidan rediyo da muka daɗe muna sauraro ya soke ɗan lokacin nan na minti ashirin da ake ɗauko waƙa ɗaya a warware ta baiti-baiti. An maye gurbinsa da jerin waƙoƙin da suka fi tashe a TikTok a makon. Ban kama sunan gidan ba domin ba su kaɗai ba ne, su ne dai na ƙarshe da muka sani suna yi, yanzu su ma sun bari.

Kokenmu na farko shi ne kun ajiye kunne kun koma ƙirga. Idan sabuwar waƙa ta fito, abin da muke gani a shafukanku shi ne ta samu kallo dubu kaza cikin kwana ɗaya, mutum kaza sun hau kiɗanta, ta ture ta wane daga saman jeri. Me mawaƙin ya ce? A kan me ya gina waƙar? Kiɗan ya ɗauki maganar ko ya danne ta? Ba mai faɗa mana. Wannan ɗabi'a kuwa aro ce, kuma ya kamata a san inda aka aro ta. A Amurka, tun 2013 mujallar Billboard ta fara sa kallon YouTube cikin lissafin jerinta na waƙoƙi ɗari mafiya tashe. Spotify kuma, dandalin sauraron waƙa ta intanet, daƙiƙa 30 kawai yake buƙata ya ƙirga cewa an saurari waƙa. Duk mai neman abinci da waƙa ya gane lissafin: ka sa amshi tun a farko, ka taƙaita, wanda ya ji ya maimaita. A 2019 waƙar Lil Nas X da ta tashi daga TikTok, wadda asalinta ba ta cika minti biyu ba, ta yi mako 19 a saman jerin Billboard. Daga nan kowa ya ga hanya. Ban ce gajeriyar waƙa ba ta da daɗi ba. Amma hip hop magana ce, kuma magana tana buƙatar fili. A baiti na biyu da na uku ake gane mai abin faɗa da wanda ya haddace kalmomi huɗu masu amo ɗaya. Ku kuwa kun taya kamfanoni koya wa yaranmu cewa bayan daƙiƙa ashirin na farko ba wanda ke saurare.

Bari in nuna muku yadda abin yake a ƙasa. Wani tsohon ɗalibina, ɗan Tudun Wada, ya yi wata biyar yana wankin mota yana tara kuɗin situdiyo. Waƙar da ya yi a kan yayansa ce da ƙwaya ta ɗauke. Baiti na farko yayan ne ke goya shi a keke zuwa firamare, yana saya masa alawa da canjin cefane. Baiti na biyu shi ne ranar da ya ɗaga katifa ya ga kwalaben maganin tari a jere. A baiti na uku mahaifiyarsu ce ke ɗaure kwanon tuwo da ɗankwali ta hau mota zuwa inda aka tsare shi, ta dawo da kwanon ba a taɓa ba. Ranar da ya kawo mana ita majalisa, telanmu ya tsayar da hira, ya ce a mayar da baiti na uku, aka mayar, ba wanda ya ce uffan har ta ƙare. Akwai gyara a cikinta, na kuma faɗa masa: amshin ya yi tsawo, kuma a wuri biyu ya matse kalmomi har numfashi ya ƙwace masa. Yaron ya kai waƙar wurin mai wani babban shafi. Amsar da ya samu ta murya ce, ya kunna mini ita na ji da kunnena. An ce masa waƙar ta yi nauyi, ya yanko wurin da za a iya rawa da shi, in kuwa babu, to ya ɗan taɓa wani mawaƙi mai suna a sabon baiti, shafin zai ɗauka kyauta. Yau shekara guda ke nan bai koma situdiyo ba.

Wannan shawara ta a taɓa wani ita ce kokenmu na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin duniya ta ga iyakar abin a 2024.

Duk wanda ke cikinku ya bi rigimar manyan mawaƙan rap Kendrick Lamar da Drake, da yawanku ma kun fassara ta kun yaɗa. Ta kunno kai a watan Maris na shekarar da baiti guda da Kendrick ya yi a waƙar Future da Metro Boomin. J. Cole, mawaƙin da baitin ya taɓa tare da Drake, ya mayar da martani a farkon Afrilu, bayan kwana biyu ya tsaya gaban jama'a a bikin waƙoƙin da yake shiryawa ya ce ya yi nadama, ya janye waƙar. Drake ya fitar da wata waƙa da ya yi amfani da kwamfuta ya ƙirƙiro muryar Tupac, wanda ya rasu tun 1996, sai da lauyan magadan marigayin ya yi barazanar kai ƙara kafin a sauke ta. Daga ƙarshen Afrilu zuwa 5 ga Mayu waƙoƙi suka riƙa faɗowa kamar ruwan Agusta, akwai daren da ba a cika awa guda ba tsakanin ta wannan da amsar wancan. A cikinsu aka jefi juna da zarge-zarge masu nauyi: dukan mace, ɓoye 'ya'ya, neman ƙananan yara. Ba wanda ya kawo hujja.

To su wa suka yi wa duniya sharhin wannan al'amari? Galibi masu kunna kyamara kai tsaye ne, waɗanda ke sauraren waƙa karon farko a gaban dubban mutane, su yi ihu, su miƙe tsaye, su yanke hukunci kafin waƙar ta kai ƙarshe. Bayansu sai rundunonin magoya baya da ke yanko layi ɗaya su yi ta jifan juna da shi. Kendrick mutum ne da ya karɓi lambar Pulitzer a 2018, karon farko da aka ba wani mawaƙi da ba na kiɗan gargajiyar Turai ko jaz ba, kuma a wasu daga waƙoƙin rigimar akwai sauyin murya da ginin magana da suka cancanci a zauna a yi nazari. Hayaniyar wa ya ci wa ya faɗi ta rufe wannan duka. Ranar 7 ga Mayu aka harbi mai gadi a ƙofar gidan Drake a Toronto. 'Yan sanda ba su ce rigimar ce ta jawo ba, amma kafin su gama magana shafuka sun riga sun gama shari'a. Waƙar Kendrick mai suna "Not Like Us" ta hau saman Billboard, ta ci lambobin Grammy biyar a Fabrairun 2025, bayan mako guda aka rera ta a filin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a New Orleans. Drake ya maka kamfanin Universal, wanda su biyun duk a ƙarƙashinsa suke, a kotu kan cewa waƙar ta ɓata masa suna. A Oktoban 2025 alƙaliya ta kori ƙarar, bayan ta bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya ta ce mai sauraro mai hankali ya san zafin baki ne na fagen zambo, ba labari ne aka tabbatar ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne aikin da ya kamata masu sharhi su yi tun farko, wato a ɗora kowace waƙa a muhallinta a karanta ta a natse, sai da aka je gaban kotu aka yi shi a idon duniya.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa fetur muke shafawa. Kusan kowane mako sai wani shafi ya jera hoton mawaƙa biyu ya rubuta: wane ne sarkin rap na Arewa? Ba a kawo baiti ko ɗaya ba, ba a ce ga ma'aunin ba. Ku da kuke sa irin wannan kun san abin da ke biyo baya, domin shi kuke nema. Sharhi ɗari na farko a kan mawaƙan ne, daga nan sai a koma zagin gari, Kaduna da Kano, Jos da Bauchi, daga gari a koma iyaye, daga iyaye a koma addini. Hip hop ɗin Arewa tana cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan Jos da ɗan Kano, Musulmi da Kirista, ke tsayawa gaban makirufo ɗaya suna Hausa ɗaya. Wanda ya san abin da garuruwan nan suka gani bai kamata ya yi wasa da wannan ba saboda shafinsa ya motsa.

Abin takaicin shi ne mu ba mu da uzurin rashin kayan aiki. Bahaushe ya daɗe da sanin zambo da habaici da zuga da kirari, ya kuma san bambancinsu. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun yi wa abokan hamayyar iyayen gidansu zambo, masu sauraro kuma suna auna shi: ya yi hikima ko ashar ne kawai? Ya siffanta mutumin har kowa ya gane shi ba tare da an kama suna ba? Ɗan Anace ya zuga 'yan dambe, kuma har gobe ana tuna yadda ya gina maganar, ba yawan mutanen da suka taru kaɗai ba. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya yi rubutu a kan hip hop ɗin Hausa kanta. Jigo, salo, zubi da tsari, amsa-amo, kari, gindin waƙa da ɗiyanta, duk waɗannan ɗan aji biyar na sakandare yana haddace su don jarrabawa. Da su za a iya ɗaukar kowace waƙar martani da ta fito a Kaduna a ce wannan habaici ne mai kaifi, wancan kuwa zagin kasuwa ne da aka ɗora a kan kiɗa. Ni ina gwada haka a aji. Nakan rubuta baitin rap a allo kusa da ɗan waƙar fada in ce su nemo salon da ke cikin kowanne, kuma ranar ne yaran bayan aji suke ɗaga hannu.

Koke na uku ya shafe ni kai tsaye. Shekara biyu da suka wuce na rubuta sharhi a shafina a kan kundin wani mawaƙi da nake ƙauna. Sakin layi shida ne. Huɗu yabo ne, na nuna inda ya yi wasa da karin magana ya juya ta, na ce yabon gwani ya zama dole. A sauran biyun na ce a wata waƙar ya cusa kalmomin Turanci marasa ma'ana don amo ya daidaita kawai, kuma kirarin kansa ya maimaitu har ya gundura. Kafin asuba an kira ni mahassadi, ɗan baƙin ciki, maƙiyin ci gaban Arewa. Wani ya tono hoton sunan 'yata ya sa a ƙarƙashin rubutun tare da maganar da ba zan maimaita ba. Wani ya nemo lambar shugaban makarantarmu ya kira shi. Shafuka uku suka ɗauki hoton rubutun, duka ukun suka yanke sakin layi huɗun yabo, suka sa kanu cewa malami ya caccaki wane. Maiɗakina ta ce in goge, na goge. Bayan mako uku mawaƙin da kansa ya turo mini saƙo a ɓoye. Ya ce maganata a kan waccan waƙar gaskiya ce, shi ma bai gamsu da baitin ba furodusa ne ya matsa, amma ba zai iya faɗa a fili ba saboda yaransa za su ga kamar ya ba da su.

Ku duba wannan da kyau. Mawaƙin yana son gyara, mai sauraro yana son bayani, amma rundunar da ke tsakani ta hana su haɗuwa, ku kuma kuna ciyar da rundunar. Ba a nan kaɗai ba ne. A 2018 wata marubuciya a Toronto ta rubuta 'yan layuka tana fatan Nicki Minaj ta yi waƙoƙin da suka dace da shekarunta, magoya baya suka yi mata ca har da hoton 'yarta, ta kuma rasa wurin aikinta. A kudancin ƙasarmu kowa ya san yadda magoya bayan Wizkid da Davido da Burna Boy ke kwana suna yaƙi. Da Wizkid ya ce rap ta mutu a ƙarshen 2022, an yi kwanaki ana musayar zagi, amma kaɗan ne suka tsaya suka ɗauko kundayen rap da suka fito a shekarar suka ce ga abin da ke ciki, ku yi hukunci. Su kuma wuraren da ake biyan mutum albashi ya zauna ya saurara suna ta raguwa. A Janairun 2024 kamfanin Condé Nast ya haɗe Pitchfork, wadda ta yi suna wajen sharhin kundaye, da mujallar GQ ta kayan ado na maza, aka sallami ma'aikata har da babbar edita.

Ba ina cewa da can komai lafiya lau ba ne. Mujallar hip hop ta Amurka mai suna The Source, wadda aka kafa a 1988, tana auna kundi da makirufo ɗaya zuwa biyar, kuma da ta ba kundin farko na Nas biyar a 1994 magana ce da ake ji da ita domin an san ba a bayar da biyar da arha. Ita ɗin ce kuma ta zubar da mutuncinta a farkon shekarun 2000 lokacin da ɗaya daga masu ita ya mayar da shafukanta makamin rigimarsa da Eminem. Mutane suka daina yarda da makirufonta. Amana ita ce jarin mai sharhi, kuma wannan ya kawo ni kan maganar kuɗi, wadda ba zan ja ta ba domin kun fi ni saninta. Ana biya a sa waƙa a shafi, ana biya a ce ta yi zafi, ana ba da na goro a sa ta a jerin mako. Talla halal ce, kowa da inda yake cin abinci. Abin da ba daidai ba shi ne a sayar wa yaro talla da sunan ra'ayi. Wanda ba shi da kuɗin biya sai ya ɗauka waƙarsa ce ba ta da kyau.

Akwai wata illa da ta fi damuna, wadda ta keɓanta da mu. Idan babu masu sharhi na gaskiya, murya biyu ce kaɗai ke rage wa waƙa a ƙasar Hausa: ta masu tafi da ta masu haramtawa. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya a zama guda. Ko a yau, duk lokacin da aka tayar da maganar rap a majalisar dattawan unguwa, abin da aka sani shi ne wando a ƙasan ƙugu da rawar TikTok, domin shi kuke nunawa. Babu wanda ya kai wa liman ko mai unguwa baitin yaron nan na kwanon tuwo da ɗankwali ya ce ranka ya daɗe, ga abin da yaranmu ke faɗa a kan ƙwaya. Mai sharhi ne ke iya tsayawa a tsakiya ya ce wannan batsa ce, ba ma so, wannan kuwa wa'azi ne da kiɗa. Idan babu shi, ranar da aka tashi sharewa da tsintsiya ɗaya za a share duka.

Ga kuma mantuwa. Kowace shekara sai an naɗa wani a matsayin na farko da ya yi kaza da Hausa, alhali tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wassika ke rap a Yamai da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, suna magana a kan talauci da mulki. Yaron da ke Kano yau bai taɓa jin sunansu ba. 'Yan matan da suka shigo fagen kuwa, sai a yi hira da mace ta rabin awa a kan shigarta da ranar aurenta, ba a tambaye ta layi ɗaya da ta rubuta ba.

Na san halin da kuke ciki. Na san kuɗin gas na janareta, na san albashin da ba ya zuwa kan lokaci, na san mai shafi da data yake aiki kuma rigima ta fi nazari kawo mutane. Za ku ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ban kuma manta alherin da aka yi ba. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 shirinta na hip hop ya kai fuskokin yaran Arewa cikin falon gidajen da a da ba a yarda a kunna irin wannan kiɗa ba, kuma gidajen rediyo da yawa sun sa waƙar yaro ba a san shi ba saboda Allah. Domin na san kuna iyawa ne nake roƙo.

Roƙonmu na farko ga gidajen rediyo da talabijin ne: ku dawo da lokacin sharhi, ko da minti goma sha biyar ne a mako. A sa waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe, a karanto baitocinta, a gayyato wanda ya san adabi da wanda ya san kiɗa su tattauna. Sashen Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da na Bayero da na Usmanu Ɗanfodiyo cike suke da malamai da ɗaliban da za su zo da murna, furodusoshi kuma suna nan a kowace unguwa. Jerin tashe ya ci gaba, ba mu ce a soke shi ba, amma a faɗa wa mai sauraro daga ina alƙaluman suka fito.

Ga masu shafuka: duk abin da aka biya ku, ku rubuta a samansa cewa talla ce. Kalma ɗaya ce, ba za ta rage muku ko kwabo ba. Kada ku ce waƙa ta yi ko ba ta yi ba sai kun ji ta har ƙarshe, fiye da sau ɗaya, kuma idan kun yanke hukunci ku kawo baitin da ya sa kuka yanke. Idan za ku ɗauki sharhin wani, ku ɗauke shi duka ko ku bar shi. Idan martani ya ɓarke tsakanin mawaƙa biyu, ku auna shi da ma'aunin zambo da habaici, kada ku yaɗa zargin da ba hujja a kan iyalin mutum, kuma duk sharhin da ya taɓa addini ko ƙabila ko iyaye ku goge shi nan take. Shafinku zaurenku ne, ku ke da ikon wanda zai zauna a ciki.

Ga editoci: idan marubucinku ya faɗi gaskiya runduna ta taso masa, ku tsaya a bayansa da sunan gidanku. Kada ku sauke rubutun da dare ku bar shi shi kaɗai. Ku kuma ware wuri ku riƙa ajiye rubutattun baitocin waƙoƙin nan da daidaitacciyar Hausa, da shekarar fitowarsu da sunan wanda ya yi kiɗan, na Najeriya da na Nijar, kafin wayoyin da suke ciki su lalace.

Ga mawaƙan da za su karanta wannan, ƙannena, ku ja kunnen yaranku a fili. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Magana ɗaya daga bakinku cewa ku bar malam ya faɗi ra'ayinsa ta isa ta kwantar da dubu.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Majalisarmu ta riga ta rubuta baitocin waƙoƙi sama da arba'in a wani babban littafi mai baƙin bango da ke ajiye a shagon, ƙarƙashin teburin caji, kuma duk gidan da ya dawo da lokacin sharhi za mu ba shi kwafi kyauta, mu kuma zo idan an kira mu. Waƙar ɗalibina tana nan a memori, minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Na nemi izininsa, ya ce in ba duk wanda ya yi alkawarin zai ji ta har baiti na uku.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya yi mana jagora.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin Hausa, a madadin 'yan majalisar Asabar, Zariya